Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Ilimin Sinadarai a Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu da sauran 'yan uwa maza da mata. Kamar yadda tsarin ƙungiya ya ɗora wa sakatare, ga bayanin abin da aka yi a bana, da abin da aka fara ba a gama ba, da dalilin da ya hana a gama shi.

An yi tarurrukan wata-wata kamar kullum, in ban da na watan azumi da aka ɗage, kuma fuskokin da ake gani a kowane zama su ne dai waɗanda aka saba gani.

Aikin da ya fitar da mu kunya a bana shi ne taron wayar da kan ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare, wanda aka yi a ɗakin taron wata makaranta a Tudun Wada. Ɗalibai sun zo daga cikin Birni da Sabon Gari da Samaru, har sai da aka aro benci daga azuzuwa. Shugaba ya buɗe da tambayar wane ne yake son ya zama likita, sai hannuwa suka tashi kamar an haɗa baki. Da ya tambayi mai son karanta kemistiri a karan kansa, waɗanda suka ɗaga hannu ba su taka kara sun karya ba, su ma ɗin suna waige-waige. Wani yaro ya miƙe ya ce shi abin da ya sani, kemistiri kwas ne da ake jefa wanda bai samu likitanci ba. An yi dariya, amma da yawa daga cikinmu ta wannan ƙofar muka shiga, saboda haka babu wanda ya ƙaryata shi.

Malaminmu da ya fara magana ya tsaya a kan sharuɗɗan shiga jami'a. Ya tuna musu kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi da kemistiri, sannan ya bambance musu abin da yara kan cakuɗa: digirin kemistiri shekara 4 ne, injiniyancin sinadarai kuwa shekara 5, kuma mai neman sa dole ya rubuta lissafi da fizis a jarrabawar JAMB. Ya ce Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana koyar da waɗannan duka tare da harhaɗa magunguna, kuma wanda bai samu jami'a ba akwai kwas ɗin fasahar ɗakin gwaje-gwaje a kwalejin kimiyya da fasaha, wanda bai kamata a raina ba, domin babu ɗakin gwajin da yake tafiya ba tare da irin waɗannan ma'aikata ba.

Wanda ya ɗauki hankalin yara shi ne ɗan uwanmu da ya yi aiki a harkar fata. Ya shigo da 'ya'yan bagaruwa a leda da ƙyallen fata jemammiya, ya tambaye su me ya hana wannan fatar ruɓewa. Daga nan ya bayyana cewa sinadarin da ke cikin bagaruwa yana kama zaren fata ya ɗaure shi, har ƙwayoyin cuta su kasa cinye shi, kuma masana'antun zamani suna yin wannan aikin da gishirin kuromiyom domin ya fi sauri, sai dai ruwan da yake fitowa daga wurin guba ne in ba a tace shi ba, tacewar kuma ita ma aikin masanin sinadarai ce. Ya ce majema sun riga littafi sanin wannan, haka marina masu baba da mata masu sabulun salo da ruwan toka. Sannan ya nuna musu cewa cibiyar NILEST ta koyar da fasahar fata tana nan Samaru, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, wato NARICT, tana Basawa. Abin takaici, akwai yaran da suke wuce ƙofar waɗannan wurare kullum ba su taɓa sanin abin da ake yi a ciki ba.

Hajiya mataimakiyar shugaba ta yi magana kan abinci da ruwa da magani. Ta zuba alif a cikin kwalbar ruwan kududdufi, kafin ta gama bayani laka ta kwanta a ƙasa, sai ta gargaɗe su cewa ruwa ya yi garau ba yana nufin ya shawu ba, sai an kashe ƙwayoyin cuta da kilorin daidai gwargwado. Ta ambaci hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993, wadda take da ɗakin gwaji a Kaduna, da yadda ta haramta sa sinadarin buromet a burodi, ta ce gano irin wannan a cikin burodi ba da ɗanɗano ake yi ba, da awo ake yi. Bayan taro 'yan mata sun kewaye ta har kusan la'asar, yawancin tambayoyinsu kuwa kan yadda za su shawo kan iyaye ne.

Ɗakin ya yi tsit lokacin da aka kawo maganar gubar dalma ta Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda daka da niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, kuma awon jini da na ƙasa ne ya tabbatar da musabbabin. Daga nan aka shaida musu cewa Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, wadda ake auna ma'adinan da ke cikin ƙasa da abinci da ita. Da yawa ba su yarda a Zariya take ba.

Ba mu ɓoye musu gaskiya ba. Matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980 ta daɗe ba ta aiki yadda aka gina ta, yawancin masaƙun Kaduna kuma sun rufe, don haka wanda ya shiga kwas ɗin da mafarkin kamfanin mai kaɗai zai iya shan zama. Inda ƙofa take a buɗe shi ne haɗa takin zamani, da siminti, da fenti, da ruwan leda, da awon ƙasar noma irin wanda ake yi a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da kuma koyarwa, wadda a ganina mun fi kowa laifin raina ta alhali ita take ciyar da akasarinmu. An kuma ja hankalinsu cewa wata shida na koyon aiki da ake yi kafin kammala digiri ba hutu ba ne, kuma bayan kammalawa akwai rajista da hukumar ICCON mai kula da sana'ar.

Yanzu sai abin da ba a gama ba. Alkawarin da muka yi na sayen kayan gwaji ga makarantar da ta ba mu masauki, domin yaranta su taɓa kwalaben awo da hannunsu kafin jarrabawar WAEC da NECO, bai cika ba. Na ji ana cewa kwamiti ne ya yi sakaci, kuma ina so a gyara wannan magana. Kwamiti ya karɓo farashi tun farkon shekara, amma kayan daga waje ake shigo da su, kuma kafin kuɗi su taru farashin ya tashi har sau biyu. Abin da ke asusu ya isa sayen kwalabe kawai, ba tare da sinadaran da za a zuba a ciki ba, sai muka ga kai wa makaranta kwalba fanko abin kunya ne, muka ajiye su a wurin ma'aji.

Ziyarar da aka shirya kai ɗalibai Basawa ita ma ta tsaya ne a kan kuɗin mota. Ɗan littafin jagora na Hausa kuwa an gama rubuta shi, an ba mutum biyu su duba, har yau ba su dawo da shi ba, kuma na daina kira domin kada a ce na cika naci.

Tushen duk wannan kuɗin wata ne. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabin sunayen da ke rajista ba. Akwai waɗanda ba a ganin su sai a zauren WhatsApp, inda suke kan gaba wajen kawo shawarar sababbin ayyuka, amma da zarar ma'aji ya sa lambar asusu sai a ji shiru. Na san halin da ake ciki, ni ma albashi nake jira, sai dai wanda ba shi da hali ya faɗa a rage masa, hakan ya fi a riƙa ce mini gobe har shekara ta ƙare. Hidimar taron Tudun Wada ma, ruwan sha da lasifika da buga takardu, daga aljihun mutanen da suka saba ɗaukar nauyi ta fito.

Kwamitin gudanarwa ya amince cewa a zama mai zuwa ma'aji zai karanta sunayen waɗanda ake bi da adadin watanninsu, kuma ba za a karɓi shawarar wani sabon aiki ba sai an sayi sinadaran an miƙa wa makarantar kayanta. Masu riƙe da littafin jagora su zo da shi ranar, ko sun duba ko ba su duba ba.

Wassalamu alaikum.
Sakataren ƙungiya