Akwatin Sa'a Caca Ne, Ku Faɗa Wa Iyaye Gaskiya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Shirinku na fasahar zamani na ranar Asabar ya ɓata mini rai ƙwarai. Baƙon da kuka gayyato ya cinye kusan rabin lokacin yana yabon wasannin bidiyo, wai matasa na cin gasa suna samun miliyoyi. Da mai gabatarwa ya taɓo batun kuɗin da ake kashewa a cikin wasan, sai ya ce ai ba wanda aka tilasta wa. Shi ke nan aka wuce. Haba jama'a!

Ni gidan gem nake da shi, kullum da yaran nan nake wuni, na san abin da ke cin aljihunsu. Wasan za a ce maka kyauta ne, ka sauke a waya. Ka fara jin daɗinsa, sai ka ga duk wanda ka kara da shi yana lallasa ka, don ƙungiyarsa cike take da manyan 'yan ƙwallo. Kai ma in kana son su, sai ka sayi sulallan wasa da kuɗi na gaske, ka buɗe akwatin da ba ka san abin da ke cikinsa ba. Wuta ta yi walƙiya, kiɗa ya tashi, gabanka na faɗuwa, a ƙarshe a ba ka ɗan wasan da ko a benci ba ka so. Ga agogo a gefe yana cewa garaɓasar za ta ƙare da tsakar dare. Sulallan ma a dunƙule ake sayar da su, yadda kullum za a bar maka 'yan canjin da ba su sayen komai sai ka ƙara. Ka sa kuɗi, ka jira sa'a, ka rasa, ka sake sawa. Malam, in wannan ba caca ba ce, mece ce caca?

Ɗan ƙanena, yaro mai hankali da ke koyon ɗinki, kuɗin yadin da maigidansa ya aike shi da su ya tura wa mai sayar da sulalla, yana neman ɗan wasa ɗaya tak. Bai same shi ba. Uwarsa ta yi kuka, ni na biya kuɗin, har yau yaron ba ya iya haɗa ido da maigidan. Da na zaunar da shi, cewa ya yi, "Baffa, wallahi na ɗauka a na gaba zai fito." Maganar 'yan caca ke nan sak.

Kuma ba ni kaɗai na gani ba. Tun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatunan caca ne, har kamfanin EA, mai wasan bidiyon ƙwallo na FIFA, ya daina sayar da sulallan wasan a ƙasar a farkon 2019. Da EA ya fara bayyana yiwuwar samun 'yan wasa a akwatunansa, wasu ko ɗaya bisa ɗari ba su kai ba. Ƙasar Sin tun 2017 ta wajabta wa kamfanoni su riƙa bayyana wannan lissafi. A Amurka kuwa, a Disambar 2022 kamfanin Epic Games, masu wasan bidiyo na Fortnite, suka amince su biya dala miliyan 520, miliyan 245 daga ciki don mayar wa mutanen da aka yaudara suka sayi abin da ba su yi niyya ba. Baƙonku bai san duk wannan ba ne, ko kuwa ya sani ya yi shiru?

Wani abin kuma, layin wayarku. Kuna cewa a kira, a kira, mutum ya yi ta bugawa ba ta shiga, in ta shiga a katse shi don a sa tallan maganin basir. Tallan nan ya fi shirin kansa tsawo. Ku gyara don Allah.

Ina roƙon ku sake shirin. Ku kawo malami ya faɗi hukuncin wannan ciniki, ku kawo uba ko uwar da abin ya shafa, sannan ku nuna wa iyaye yadda ake kulle sayayya a wayar yaro. Baƙon naku ma a dawo da shi, ina da tambayoyin da zan yi masa.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga Zariya