Sanarwa ga abokan cinikinmu kan kulle burauzar kwamfutocin shago

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu masu zuwa wannan kafe tamu, da fatan ana lafiya, ya kasuwa ya karatu.

Wasu sun riga sun lura tun satin da ya wuce, mutum ya zauna ya rubuta adireshin wani shafi sai burauzar Chrome ta ƙi buɗewa ta fito da wani rubutu wai an toshe shafin, har wani bawan Allah ya yi ta faɗa wai netwok ɗinmu ya lalace mu ba shi kuɗinsa. Toh ba netwok ba ne, mu ne muka kulle da hannunmu, kuma laifinmu ne da ba mu yi bayani tun farko ba, ku yi haƙuri. Daga yanzu kwamfutocin ciki ba sa buɗe komai sai shafukan da muka tantance.

Abin da ya kai mu ga haka, kwanakin baya wani yaro ya shigo da link da aka turo masa a WhatsApp wai ana ɗaukar aiki, shafin ya sha tambarin gwamnati da kore da fari kamar gaske, ya zauna a kwamfuta ta uku ya cike sunansa da NIN da BVN, aka ce ya biya kuɗin fom ya saka katin mahaifinsa, lambar da banki ya turo ma ya kwafa ya ba su. Kafin la'asar an kwashe abin da ke asusun. Washegari dattijon ya zo da kansa, bai yi zagi ba bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi "ai na ɗauka tunda a wajenku ya yi akwai mai dubawa". Wallahi maganar nan ta tsaya mana a rai, don gaskiya babu mai dubawar, yaron shago yana can yana fama da firinta. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da ta ɗora wa masu kafe ajiye rajistar duk wanda ya yi amfani da kwamfuta, ma'ana in aka yi ta'asa daga nan ƙofarmu za a fara ƙwanƙwasawa. Sauran dalilan ƙanana ne, masu sauke fim suna shanye data mai cike fom yana jiran shafi ya buɗe, da 'yan caca, da bairos da ke sa mu yi fomatin kusan duk wata.

Yadda abin yake aiki ba wani tsafi ba ne. Chrome tana da jeri biyu da mai kula da kwamfuta zai iya sakawa, na hanawa da na bari. A na hanawa alamar tauraro ɗaya tak muka saka, wato a toshe komai, sai a na bari muka rubuta waɗanda muka yarda da su, kuma na barin shi ke rinjaye. Mun buɗe duk adireshin da ya ƙare da gov.ng da edu.ng, kun ga JAMB da NECO da BUK da ABU da sauran makarantu duk sun shiga lokaci guda. Amma ba kowace hukuma ce ke kan gov.ng ba, shafin duba sakamakon WAEC da fotal ɗin NYSC sai da muka ƙara su ɗaya-ɗaya, haka Remita, haka Gmail tunda kusan kowane fom sai an nemi imel. Ƙannenmu masu wayo kuma kar ku wahalar da kanku, incognito, wato tagar sirri ta burauza, ba ya tsallake kullen, burauzar Edge ma mun yi mata irin wannan, kuma asusun da kuke shiga da shi ba ya iya saka sabuwar manhaja.

Inda za a ɗan sha wahala shi ne wajen biyan kuɗi, don fotal ɗin makaranta yakan tura mutum wani shafi daban na kamfanin karɓar kuɗi, shi kuma ya sake tura shi shafin banki, in ɗaya daga ciki ba ya jerinmu sai abu ya tsaya cak a tsakiya. Ya faru da wata ɗaliba ranar Talata, hankalinta ya tashi ta zaci kuɗin makarantarta sun tafi. Idan haka ta same ku dan Allah kar ku rufe shafin kar kuma ku sake biya, ku kira wanda ke kan tebur ya duba adireshin, in na gaskiya ne minti biyu ya isa a ƙara shi.

Masu bincike na furojet da masu neman sikolashif na waje ba mu manta da ku ba, mun bar kwamfuta biyu na bakin ƙofa a buɗe, sai dai fuskarsu tana kallon teburinmu kuma sai an rubuta suna da lokaci a littafi. Facebook da YouTube ma a nan ne kawai. Mun san wasu ba za su ji daɗi ba, wani ma ya ce zai koma wani shagon, ba komai Allah ya ba kowa rabonsa.

Akwai takarda a manne kusa da injin fotokwafi, duk shafin da kuke buƙata ku rubuta a kai, duk daren Juma'a muke zama mu duba mu ƙara. Kuɗin awa yana nan yadda yake, bugawa da sikanin ma haka.

Mun gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Masu kula da shago