Wasiƙa daga Kano: Maganar na'urar da ka turo min hotonta

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Jamus? Mu nan hunturu ya kankama, da safe ko Dutsen Dala ba a hangowa saboda hazo. Ranar Juma'a na leƙa na gaishe da Hajiya, ta ce ka riƙa kira.

Hoton ɗakin bincikenku ya tsaya min a rai. Na'urar fulo-saitomita na gani, amma abin da na fi kallo shi ne takardar da ke manne a ƙofa: wane sashe ne zai shiga da ƙarfe nawa. Masu binciken cutar kansa, masu garkuwar jiki, masu ƙwayoyin cuta, duk a kan na'ura ɗaya.

Jiya a kan allo na zana wa ɗalibaina yadda take aiki, don yawancinsu ba su taɓa ganin ta ba. Na ce su ɗauka ƙwayoyin jini sun yi layi, suna bi ta gaban hasken leza ɗaya bayan ɗaya, dubbai a daƙiƙa guda, kowace an shafa mata sinadari mai ƙyalli da ke tona ko wace iri ce. Haka ake ƙirga CD4, wato wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, na mai cutar ƙanjamau, in ya gaza 200 a san ciwo ya yi nisa. Haka kuma ake bambance nau'in sankarar jini, tunda maganinsu ba ɗaya ba ne. Da na ce musu a Munsta ta Jamus Wolfgang Göhde ya ƙera irinta tun 1968, sai aji ya yi tsit.

Bara wata ɗalibata ta haɗa samfurin jinin yara masu sikila, ta jera a cikin kula mai ƙanƙara, muka kai tasha za a kai wani gari da ke da irin wannan na'urar. Mota ta lalace a hanya. Kafin ya isa ƙwayoyin sun mutu. Ina tsaye ta buga waya, ta ajiye, ta zauna a bakin baranda ba ta ce uffan ba. Wata uku ta yi tana lallashin iyaye kafin su yarda a ɗebi jinin nan.

Ka san injin markaɗe na unguwa. Ba kowane gida ke saye ba, kowa ya kawo nasa ya biya. Abin da nake so ke nan a Kano. Ga Jami'ar Bayero, ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ga Jami'ar Maitama Sule, ga ta Wudil. Na'ura ɗaya mai lafiya, da sola da inbata, da firjin da zai riƙe sinadarai tsakanin digiri 2 zuwa 8, da ɗakin da ƙura ba ta shiga, sai ma'aikaci ɗaya wanda ba shi da aiki sai ita. Wannan mutumin shi ne ƙashin bayan abin. Na taɓa ganin irinta a wani wuri an lulluɓe ta da zane, an saya ba a tanadi kuɗin gyara ba.

Don Allah ka zauna da mai kula da taku. Tambaye shi nawa suke karɓa a awa, kwana nawa ake koya wa ɗalibi kafin a bar shi shi kaɗai, kuma wa ke biya in leza ta mutu. Ka rubuto min kafin azumi, ina so in kai wa shugaban sashenmu a rubuce.

Ka gaida madam da yara.

Naka,
amininka na Kano