Tallan kayan zaƙi ga yara: ba iyaye kaɗai za a tuhuma ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Da an tayar da zancen lemon kwalba da alawar da yara ke ɗirka, sai a ce laifin iyaye ne. Suna da nasu, ban musa ba. Uban da ke miƙa kuɗin tara bai taɓa tambayar me aka saya ba, akwai alhaki a wuyansa. Amma a yi lissafi tukuna.

Robar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da suga wajen giram 50, kusan cokalin shayi 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada suga ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da ake samu daga abincin yini. Ga babba ma kusan giram 50 ɗin ke nan, balle ɗan firamare. A jikin robar kuwa, galibi adadin mililita 100 ake rubutawa, da Turanci, da ƙananan baƙaƙe. Sai uwa ta ninka sau biyar kafin ta san abin da ɗanta ya sha. Uwa nawa ce a Rigasa za ta tsaya wannan, yaro na birgima gaban mai shago?

Shi mai talla ya san yaron da bai kai shekara 8 ba bai cika gane ciniki ake yi da shi ba. Shi ya sa ake sa waƙa da zanen katun, a kawo tallar daidai lokacin shirin yara. Ƙasar Cile ta hana irin wannan a 2016, ta kuma tilasta buga baƙin tambarin gargaɗi a gaban kwali. Mu nan harajin naira 10 a kan kowace lita aka sa a dokar kuɗi ta 2021, wato naira 5 a roba. Wa zai fasa saye saboda naira 5?

Kada a ce zoɓo ya tsira. Wani ya fi lemon suga.

Roƙona gare ku: ku cire tallan kayan zaƙi daga shirye-shiryen yara, ba sai kun jira hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ko NAFDAC ba. Hukumar ilimin matakin farko ta jihar Kaduna (SUBEB) kuma ta zauna da shugabannin makarantu a tsara abin da za a kasa a bakin ƙofa: gyaɗa, dafaffen ƙwai, ayaba, ruwa mai tsafta.

Mai sauraronku,
daga Tudun Wada, Kaduna