Ba kowace ragar inuwa ce ta lambu ba, a riƙa faɗa wa manoma gaskiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarmu in yi magana da 'yan uwana masu noman rani, musamman mu na yankin Kura, Bunkure da Garun Malam, akan wannan ragar inuwa da ake ta yayi yanzu, wadda wasu ke ce ma shed net.

Ni bara waccan na saya. Dalili kuwa kowa ya sani, da zarar Maris ya kama zafi ya fara hawa, zuwa Afrilu sai ka ji ana maganar digiri 40, tumatir kuma in zafin rana ya wuce kamar 35 furensa zubewa yake yi, wanda ya samu ya ƙulla ma rana ta ƙona masa gefe ya yi fari ya lalace, shi ya sa kwando ke tsada daga Mayu zuwa Yuli. To na je kasuwa, mai shago ya ɗauko min wata koriya mai kauri yace wannan ita ce ta ƙarshe, ko ɗigon rana ba ya wuce ta. Na biya na ɗaura. Wallahi ba a rufa sati uku ba tumatirina ya miƙe zalan-zalan, kara siriri, ganye ya koɗe, fure kuma sai ka nema. Sai da wani malamin gona ya zo ya duba yace min ai wannan mai kashi 90 ce, ta rumfar ajiye mota ce. Kuɗin iri da na taki da man injin ban ruwa duk suka tafi, kuma har yau abin yana min ciwo.

Wannan kashin shi ne komai, kuma shi ne ba a faɗa mana. In aka ce raga kashi 30 ce, ana nufin cikin ɗari na hasken rana tana tare 30, saura ya sauka kan shuka. Tumatir da tattasai da attaruhu da kokwamba 'yan rana ne, zafin kawai ake so a rage musu, don haka 30 zuwa 40 ta ishe su, kar dai a haura 50. Latas da irin da ake reno kafin dashe sun fi son wajen 50. Duk wadda ta kai 80 ko 90 ba ta kayan miya ba ce. Kuma lokacin hunturu a naɗe ta a ajiye, hazo ya riga ya rage rana, me za ka tare kuma?

Sannan a tambaya ko an sa mata sinadarin kariya daga rana, za ka ga an rubuta UV a jikin takardarta. Wadda ba ta da shi ranar Arewa ba ta barinta, ka taɓa ta bayan 'yan watanni ta marmashe a hannunka. A ce mai shago ya yanko ɗan gefe a ja, in zaren ya kama warwarewa a bar masa kayansa, mai saƙar ƙulli ko an yanke ta ba ta bin hannu.

Ɗaurawa ma ina ganin kuskure a gonakin maƙwabta. Sai a shimfiɗa ta dab da kan shuka kuma a rufe gefuna ruf, iska ba ta shiga, ciki ya zama tanderu, balle baƙa da ke shan zafi. A ɗaga ta kamar mita 2 ko fiye, a bar gefe a buɗe, a sa waya da turaku masu ƙarfi saboda iskar farkon damina ba ta da wasa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa wai ragar tana hana sharon, wato tsutsar nan mai cinye tumatir. Mu da muka ga 2016, lokacin da wannan tsutsa ta Tuta absoluta ta cinye gonakin Kano da Katsina har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci akan tumatir, bai kamata a yi mana wasa da wannan ba. Ragar ƙwari daban take, ramukanta ƙanana ne sosai kuma rufe ko'ina ake yi da ita. Ta inuwa ƙwaro shiga yake ya fita abinsa.

Roƙona ga hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, wato KNARDA, da masana aikin gona na Samaru Zariya, a yi wannan bayani da Hausa a rediyo kafin bazara, a kuma kafa ɗan filin gwaji a Kadawa mu ga 30 da 50 kusa da juna da idonmu. Masu shago kuma ku ji tsoron Allah ku rubuta kashin a jikin kowane bandir.

Na gode Malam Edita.

Naka,
Wani manomin rani daga Kura, jihar Kano