Ƙanwata kurma ce, na kai ta neman sauƙi an ƙara mata ciwo

Assalamu alaikum Anti. Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri. Don Allah ki sakaya sunana, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar, raina ne a jagule.

Ƙanwata kurma ce tun haihuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ni ce babba. A gidanmu kowa yana ji sai ita, haka ma abin yake kusan ko'ina, kusan tara cikin goma na yara kurame iyayensu masu ji ne. Sai da ta shiga makarantar kurame ta samu harshe sosai, kafin nan nuni kawai ake yi mata, zo, tafi, ci, kwanta. Ni kaɗai na zage na koyi maganar hannu, mahaifinmu har Allah ya yi masa rasuwa bai iya ba. Na faɗa ne don ki san ba yau na fara ɗawainiya da ita ba.

Tun makon jiya ta daina kula ni. In na shiga ɗakinta sai ta juya fuska bango, kurma kuwa in ya ɗauke ido daga kanki magana ta ƙare. Amma bari in koma baya. Tun da cikinta ya zube ta daina barci, ta daina zuwa wajen 'yan'uwanta kurame, sai kuka. Af, ban faɗa miki ba, tana gida yanzu, ba ta wajen mijin. Likita ya tura mu wajen wani mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wai su zauna su tattauna.

Anti, mutumin nan tun da muka shiga bai dube ta ba. Ni yake kallo yana "tambaye ta", "gaya mata", kamar ba ta ɗakin. Ya zauna taga na bayansa, fuskarsa ta yi duhu, ko leɓensa ba ta gani, rabin zaman kuma kansa a sunkuye yana rubutu. Da ya tashi koya mata kwantar da hankali sai ya ce ta rufe ido, ta ja numfashi, ta bi muryarsa. Muryarsa fa, Anti! Tana ba da labari hannuwanta na gudu, girarta a ɗage, sai ya rubuta wai tana da firgici da zafin kai, alhali a maganar hannu da gira ake yin tambaya, da fuska ake nuna girman abu. Ya miƙa mata takarda ta cike, da ya ga jimlolin a birkice ya ce tunaninta ne ya birkice. Rubutu harshe na biyu ne a wajenta, jerin kalmomin maganar hannu daban yake. Wanda ya yi karatu har haka bai san wannan ba?

Ƙarshe ya ce damuwarta daga rashin ji take, a nemo mata na'urar kunne. Yarinyar da ba ta taɓa kuka da kurumtarta ba! Tana ɗaukar kanta 'yar al'umma mai harshenta da tarihinta da barkwancinta. Ita ta ba ni labarin taron Milan a Italiya a 1880, inda malamai, kusan dukansu masu ji, suka yanke a daina koyar da kurame da hannu. Ita ta gaya min Gallaudet, jami'ar kurame ta Amurka, wadda take tun 1864, inda ɗalibai suka yi bore a 1988 har sai da aka naɗa musu shugaba kurma. Wannan za a ce wa kunne ne ciwonta? Ɗa ta rasa.

Ga abin da ya fi ƙona min rai. Ni na yi tafinta a zaman, tunda babu tafinta a wurin, in ban yi ba wa zai yi? Sai wata ƙawarta kurma, wadda dama ba ta son ganinmu a shirye, ta zuga ta wai ɗan'uwa ba ya tafinta a irin wannan zama, wai na yanke mata magana. Da ta kawo zancen mijinta lallai ban fassara duka ba, sirrin aure ne, kuma sulhu nake nema musu, zan tona asirinsu gaban baƙo ne? Don rufin asirinta na yi, yau ni ce abokiyar gaba.

Ƙawar nan ta cika mata kai da cewa akwai masu ba da shawara kurame ko waɗanda suka iya maganar hannu, ana zama da su har ta bidiyo. In babu, a ɗauki ƙwararren tafinta mai riƙe sirri, ya zauna gefen likita don ta riƙa ganinsu tare, a yi aiki da zane da hotuna da kwaikwayo maimakon cike takardu, ko a haɗa ta zama da kurame mata masu irin damuwarta. Har da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda ta amince maganar hannu harshe ce. Na ji. Amma kurame duk sun san juna, tafintan da zai ji sirrinta yau shi za ta gani gobe a taronsu. Na bidiyon kuma da wace maganar hannu za su yi, tunda ko ta Amurka da ta Ingila ba ɗaya ba ce?

Mahaifiyarmu ta ce a bar wannan yawo a mayar da ita ɗakinta. Ni tsoro nake ji, shekaranjiya ta yi wa Umma alamar ta gaji da komai, har na kwashe magungunan gidan na ɓoye.

To Anti, in koma wajen mutumin nan in yi masa bayani, ko in nemi wani? In an samu tafinta dole ne in fita daga ɗakin, ba zan ko zauna gefe in yi shiru ba? Sannan yaya zan yi ta dawo tana kula ni, ko in raba ta da ƙawar nan tukuna? Don Allah ki amsa min da wuri.

Wassalam,
'Yar'uwarki mai damuwa