Takardar Koke Kan Kuɗin Lasisin Rediyo da Talabijin

Zuwa ga Masu Girma Shugabannin Ƙananan Hukumomin Birni, Dala, Fagge, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, mu tsofaffin injiniyoyi ne da masu shirya shirye-shirye, muna kawo kukanmu kan makomar Rediyon Kano da gidan talabijin na Abubakar Rimi (ARTV).

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin. Roƙonmu a ware kaso daga wannan kuɗi, a zuba shi a asusu na musamman domin gidajen biyu.

Tashar AM ce ke kai murya ƙauyen da FM ba ta isa, ita ce kuma mai cin kuɗi. Na'urar watsa shirinta tana shan wuta sosai, idan babu lantarki sai janareta ya kwana yana cin dizal. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, na'ura ta yi zafi ta kashe kanta. Da damina tsawa tana bin eriya ta ƙone kayan ciki. A ƙarƙashin eriyar akwai wayoyin tagulla da ake binnewa kewaye da ita. Idan ɓarawo ya tone su, sai nisan da tasha ke kaiwa ya ragu, mai saurare a Doguwa, can kudancin jihar, ya ji shuu kawai. Kayan gyaran daga waje ake sayo su, da dala.

Duk tashar da aka bari ta ciyar da kanta, lokacinta za ta sayar. Masu iya saye kuwa sanannu ne: sojojin baka da masu tallan maganin gargajiya. Shirin noma, sanarwar rigakafi da cigiyar yaro ba su da mai ɗaukar nauyi, su ake fara turewa. Wannan shi ya fi ci mana rai.

Don haka a karɓi kuɗin daga otal-otal, gidajen kallo da manyan shagunan kayan wuta, da rasit, kada a bi talaka gida-gida. A kashe shi kan sola da batura, kayan gyara na ajiya da masu gadin filin eriya, sannan a kwafe tsofaffin faya-fayai a kwamfuta kafin zafi ya lalata su. Su kuma gidajen su ware awa biyu kullum da ba a sayarwa, a riƙa karanta lissafin asusun a rediyo duk wata uku.

Muna roƙon ku sa mana ranar zama kafin a kammala kasafin baɗi.

Allah ya taya ku riƙo.

Mu ne masu koke,
Tsofaffin ma'aikatan rediyo da talabijin mazauna birnin Kano.